Muze na Yamai: da tsohuwar zuma ake magani

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a birnin Yamai, kusa da bakin kogi, akwai wani babban gida. Sunansa Muze, wato gidan tarihi na ƙasa. An buɗe shi ran 18 ga Disamba 1959. Faɗinsa hekta 24 ne, ya fi gonar gandu ta babban gida.

Gidan yana ɗauke da sunan Bubu Hama, wanda ya tsaya aka kafa shi. An haifi Bubu Hama cikin ƙasar Tera a 1906. Ya yi aikin mushen lakwal, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Ya zauna gaban tsofaffi da yawa, ya saurari tarihi a bakinsu, ya rubuta. Ya rasu a 1982, amma littattafansa suna nan.

Wanda ya shiga Muze zai ga namun daji, su zaki da kura da dorina. Zai ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun ba a yi mutum ba, waɗanda aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Zai ga tufafin da, da kayan kiɗa irin su goge da algaita da kalangu. An kuma yi gidaje irin na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa.

Yaron birni yana duban waɗannan kaya, ya wuce. Tsohon da ya zo daga ƙauye kuwa tsayawa yake yi. Ya san sunan kowane abu. Ya san itacen da ake sassaƙa turmi da shi, da wanda gara ba ta ci. In ya fara bayani, sai jikokinsa su yi tsit. Kayan ba su da baki, tsoho ne bakinsu.

Wurin da ya fi rai cikin gidan shi ne rumfunan masu sana'a. A nan ba a rufe kome cikin madubi ba. Maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban kowa, suna sayar da abin da suka yi. An buɗe wa makafi da guragu nasu wurin sana'a. Akwai kuma makarantar koya wa samari aikin hannu.

A rumfar maƙeran azurfa, mai furfura ke zaune kusa da wuta, yaro na zuga. Ga yadda ake yin sarƙar Agadas. Maƙeri yana siffanta ta da kakin zuma. Ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya sa a wuta. Kaki ya narke ya fita, ya bar gurbi. Sai a zuba narkakkiyar azurfa cikin gurbin. In ta huce, a fasa yumɓun, a goge, a yi zane. Idon tsoho ne ke gane lokacin da azurfa ta narke daidai. Yaro ba ya samun wannan ido sai ya daɗe gefen babba.

Tsohon da ke aiki a nan ba ya zaman jiran a ba shi. Yana cin guminsa, yana hira da baƙi, ana tambayarsa yana amsawa. Zaman kaɗaici shi ke saurin karya tsoho.

Kafin a fita, a tsaya wurin itacen Tenere. Itacen ƙaya ne da ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, kusa da rijiya, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Madugai sun daɗe suna gane hanya da shi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. Aka ɗauko shi zuwa Muze, aka yi masa rumfa. Kututturen yana nan, amma ba ya nuna wa kowa hanya kuma.

Haka tsoho yake. In ya faɗi, ana iya aje hauyarsa da ƙoshiyar saƙarsa. Abin da ke cikin kansa kuwa ya tafi ke nan. Wa zai faɗi sunan tsohon irin hatsin da ke jure fari? Wa zai nuna burtalin da kakanni suka shata?

Ba kowa ke da kuɗin motar Yamai ba. Amma kowane gari yana da tsofaffi, yana da inuwa. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga aiki ya samu. Bayan girbi, ku shimfiɗa wa tsofaffi tabarma, maza da mata. Kowa ya zo da kayan sana'arsa, ya yi a gaban yara. Ku ɗauki kaye da bik, ku rubuta sunan abu, da amfaninsa, da sunan wanda ya faɗa. Kada a jira baɗi.