Darasin da yaro mai gwafa ya ba ni

A ajin da nake koyarwa a Icirnawa akwai wani yaro da na riga na yanke wa ƙauna. Karatun Faransanci ya gagare shi, kuma sau uku ina ƙwace gwafa daga aljihunsa. Har na aika wa mahaifinsa cewa in bai gyara ba, zai maimaita aji.

A ƙarshen bazarar da ta wuce, da shamuwa ta dawo ta fara gyaran sheƙa a tsakiyar gari, na ce da yaran mu fita kallon tsuntsaye ranar Asabar da sassafe. Ba mu da gandun daji. Abin da muke da shi gonaki ne cike da gawo, wanda manoman ƙasar Matameye ke bari ya tsiro don ganyensa da ke zuba da damina yana ba ƙasa taki.

Na shirya bayani: shamuwa daga kudancin Afirka take zuwa ta yi ƙwai a wurinmu, tsattsewa kuwa wasu daga Turai suke sauka lokacin sanyi. Iyakar sanina ke nan. Shi kuwa yaron, kafin in ɗaga kai ya riga ya faɗi sunan tsuntsu daga kukansa. Ya bambance mini hazbiya da kurciya, ya nuna mini kogon da cilakowa ke liƙe kanta a ciki in za ta kwanta kan ƙwai, mijin yana miƙa mata abinci ta 'yar kafa.

Muna hawa wani jigawa sai ya kama hannuna. "Mushe, tsaya." A bakin rami ga yanyawa, launinta kamar rairayi, da 'ya'ya biyu suna wasa. Shekaruna da yawa a garin nan ban taɓa ganinta ba, don da dare take yawo. Yaran suka fara lalubar duwatsu, wai ita ke cin kaji. Na ga hannunsa ya shiga aljihu, gabana ya faɗi.

Bai fito da gwafar ba. Ya juya ya ce, "Ku bar ta, shayarwa take. Kuma fara da ɓera ta fi ci." Ba wanda ya yi jifa.

Ranar Litinin na sa shi ya faɗi sunayen tsuntsayen da muka gani, ina rubutawa a allo. Daga baya ya karɓi alli ya kwafe su duka, karo na farko da ya yi rubutu ba da tsawa ba. Da yamma na je gidansu da kaina na janye maganata.

Malamai 'yan'uwana da iyaye, kafin mu kira yaro daƙiƙi, mu bi shi gona ko sau ɗaya mu ji abin da ya sani.