Ƙarfen Gilashin Motar Baba

Bayan rasuwar Baba, Peugeot 404 ɗinsa ta shekara shida a rumfar gidanmu a Aboabo, Kumasi. Yaya ya ce a kai wa 'yan gwangwan. Na ce a'a, da ita aka ci kasuwar goron da ta raine mu.

Mai fenti ya ce sai an cire siririn ƙarfen nan mai ƙyalli da ya zagaye gilashin gaba da na baya, don tsatsa a ƙarƙashin roba take ɓuya. Ni da rowa, na ɗauko sukundireba na ɓanɓara. Nan take ya lanƙwashe. Wallahi sai da gabana ya faɗi, irinsa ba a shago ake samu ba.

Wani dattijon makaniki a Suame Magazine ya duba, ya girgiza kai.

"Ɗana, wa ya aike ka? Robar ce ke riƙe da shi. Ita ake yankewa."

Ya bi tsohuwar robar da reza a hankali, ina ciki ina tura gilashin da tafin hannu, yaronsa na tarewa a waje. Sai da gilashin ya kwanta kan bargo sannan ya zare ƙarfen, salin alin. Kusurwar ƙasa, inda ruwa ke taruwa, tsatsa ta ci har ta huda.

Na baya ya fita lafiya. Wanda na lanƙwasa kuwa, kwana biyu yana miƙar da shi da gudumar katako, kuma har yau tabon yana nan. Yaya bai lura ba tukuna.