Shafi na Biyu

A cikin matan da muke sallah a masallaci ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York, ni ake kawo wa takarda. Wasiƙar mai gidan haya, takardar makarantar yara, tarar mota, lissafin asibiti: duk wadda Turanci ya tsaya wa a wuya, ƙofata take bugawa. Nakan ɗora tabarau in karanta a tsanake, in fassara, sannan in ɗora da wa'azin da ba wadda ta roƙe ni, cewa a ƙasar nan ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta har ƙarshe ba. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san wadda za ta tafka ɓarnar da ke tafe. Ba jahila ba ce, ba kuma baƙuwa ba.

Aure ne ya kawo ni Amurka, da digirina na maikurobayoloji, ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, daga wata jami'a a arewacin Najeriya. Na fita da sakamako mai kyau, na yi hidimar ƙasa, har na ɗan koyar a sakandare. Da na zo nan sai digirin ya kwanta a ƙasan akwati, ni kuma na shiga aikin da yawancin matanmu ke shiga, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Wanka, sauya zanen gado, tuna musu lokacin magani. Aiki ne na lada, amma duk ranar da nas ta zo duba tsohuwar da nake kula da ita, ta auna jini, ta yi rubutu, ta ba ni umarni ta fice, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. A zuci nake cewa, "Na fa fi yarinyar nan karatu."

Wata yayarmu 'yar Zangon Kumasi, wadda ta daɗe tana aikin nas a wani asibiti, ita ta nuna min ƙofa. Ta ce akwai kwas ɗin jinya na shekara biyu, amma tun 2017 jihar New York ta yi doka cewa sabuwar nas da ta bi wannan hanyar sai ta kammala cikakken digiri cikin shekara goma. Mai digiri irina tana da gajeriyar hanya, digirin jinya na gaggawa, wanda ake gamawa tsakanin wata 11 zuwa 18. Ba a rage komai daga karatun, hutun kawai ake cirewa. Awowin koyon aiki a asibiti suna nan yadda suke, kuma jarrabawar lasisi ta NCLEX ita ce dai wadda kowa ke rubutawa. Makarantun da kansu suna ba da shawarar kada a haɗa shi da aiki. Ta kuma gargaɗe ni cewa tallafin Pell na gwamnati ba ya zuwa hannun mai digirin farko, ko da a waje ya yi shi, don haka bashi za a ci.

Na ɗaura ɗamara. Ƙanena ya yi ta sintiri ofishin magatakarda a tsohuwar jami'ata, domin hukumar WES mai tantance takardun ƙetare ba ta karɓar sakamako daga hannun ɗalibi, sai daga makaranta kai tsaye. Suka juya makina daga ma'aunin 5.0 na gida zuwa 4.0 na nan, ya haura 3.0 ɗin da yawancin makarantu ke nema. Na rubuta jarrabawar shiga ta TEAS, tambaya 170 cikin minti 209, na wuce. Darussan share fage waɗanda ban taɓa yi ba na ɗauke su da dare a kwalejin unguwa: ilimin tsarin jikin ɗan Adam kashi na ɗaya da na biyu, ilimin abinci, da ilimin halayyar mutum daga haihuwa zuwa tsufa.

Darasi ɗaya na tsallake, shi ne maikuro, wato maikurobayoloji. A shafin makarantar da na fi so an rubuta ƙarara cewa darussan kimiyya kada su wuce shekara bakwai da yin su. Makarantu da yawa suna da irin wannan iyaka, wasu biyar, wasu bakwai, wasu goma. Nawa ya haura goma. Na gani, na kuma yi wa kaina fatawa nan take: wannan doka ta wanda ya ɗauki darasi ɗaya a zango ɗaya ce, ba ta wadda ta kwashe shekara huɗu a fannin ba. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da ake tambaya?

A watan Disamba saƙo ya shigo. Layin farko taya murna ne, an ba ni gurbi a ajin da zai fara ƙarshen watan Mayu. Na yi sujada a kan kafet, na kira maigida a wurin aiki, na kira Hajiya a gida. Kafin la'asar ɗin can an dafa shinkafa an raba wa almajirai. Kafin sati ya zagayo, 'yan uwa sun fara kirana Nas, wata gwaggo har ta aiko da hoton ƙafarta da ta kumbura tana neman shawara. Na kuwa ba ta.

Wasiƙar shafi biyu ce. Da zan ce ban ga na biyun ba, da na samu sauƙi, amma ƙarya zan yi. Na buɗe shi. Jerin sharuɗɗa ne: kuɗin kafin alƙalami, alluran rigakafi, binciken 'yan sanda, gwajin fitsari, takardar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. A tsakiyar jerin akwai layi guda da ke cewa a kammala maikuro tare da aikin ɗakin gwaji, da makin da bai gaza B ba, sakamakon ya iso kafin ranar buɗe aji. Na karanta, na yi murmushi. Na ce wasiƙa ce iri ɗaya da suke aika wa kowa, sun manta su goge wa masu irin takardata.

Sauran sharuɗɗan kuwa na bi su kamar ibada. Na biya kuɗin. Na yi gwajin jini na ƙyanda da hangum da ƙarambau. Na gano cewa tsohuwar allurar ciwon hanta nau'in B sau uku ake yin ta cikin wata shida, lokacin da ba ni da shi, sai na nemi sabuwar da ake yi sau biyu, wata guda tsakani. Da aka zo gwajin tarin fuka na nuna wa ma'aikaciyar tabon BCG a dantsena, na yi mata bayanin cewa wanda aka yi wa wannan allura yana jariri gwajin fata kan iya yi masa ƙarya, gara a ɗebi jini. Ta ce lallai na san abin. Na ce mata ai fannina ne.

A shafina na intanet na makarantar, kowane sharaɗi da na cika sai ya koma kore. Ɗaya ya tsaya ja. Na ce ba su sabunta ba. Saƙon tunatarwa ya zo, na ce na'ura ce ke aikawa. Wani ya sake zuwa, ban ma buɗe ba. Zangon karatu na kwalejin unguwa ya fara a ƙarshen Janairu, wanda da na shiga da na gama a daidai lokaci, ni kuwa ina can ina zaɓen takalmin tsayuwa a asibiti. A watan Maris na ajiye aikina don in huta kafin gudu. Na sayi abin sauraron bugun zuciya mai tsada, na biya ƙari aka zana sunana a jikinsa.

A watan Afrilu yayarmu ta zo min barka. Don in burge ta na buɗe mata shafin, tana ganin kore tana cewa masha Allah. Sai yatsanta ya tsaya.

"Ƙanwata, wannan jan fa?"

"Kuskurensu ne, Yaya. Maikuro ne. Kin san digirina ke nan."

"Wace shekara kika gama?"

Na faɗa mata. Ba ta ce komai ba. Ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta wuce bakwai ba ta tsaya ba. Sannan ta ce, "Sun rubuto miki cewa sun ɗauke miki shi?"

A nan jikina ya yi sanyi. Na buɗe baki in ce e, sai na ji ba abin da zan ɗora a kai. Ba imel, ba waya, ba sunan wani ma'aikaci da zan ce shi ya faɗa min. Na laluba watannin nan huɗu kaf ina neman inda aka ce min na tsira, ban samu muryar kowa ba sai tawa. Ni na nemi sassauci, ni na duba takardun, ni na amince, ni na sa hannu. Makarantar ba ta ma san an yi wannan shari'a ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne yadda tambayar Yaya ba ta zo min a matsayin sabon abu ba. Na san ta. Tana nan tun Disamba, duk lokacin da na buɗe shafin na kawar da ido daga jan nan da sauri. Wanda ya tabbata kuskure aka yi masa yakan ɗauki waya ya ce a gyara. Ni ban ɗauka ba, domin can cikin raina na san amsar da zan ji, kuma na fi son sunan Nas da amsar.

Washegari na kira ofishin. Matar ta saurare ni da haƙuri ina jero mata darussan da na yi da binciken da na rubuta kan ƙwayoyin da ke cikin nono. Ta ce duk ta gani, kuma abin yabo ne, amma dokar shekara take dubawa, ba yawan darasi ba. Ta ƙara da cewa da na kira a Disamba da ta faɗa min haka cikin minti biyu. Na nemi gajerun kwasa-kwasai, waɗanda ake yi ta intanet ba su da ɗakin gwajin da makarantar ke so, waɗanda ke da shi kuma sai bayan an buɗe aji suke ƙarewa. Gurbin ya koma hannun wata da ke jerin masu jira. Kuɗin kafin alƙalami ba ya dawowa, wannan ma yana shafi na biyu.

Kiran Hajiya ya fi kiran ofishin wuya. Na yi niyyar in ce an ɗage, ko in ce Turawa ba sa ganin darajar digirinmu, kuma na san da za ta yarda, dangi ma su taya ni fushi. Na daure na faɗi gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, hangen Dala ba shiga birni ba. Shinkafar dai almajirai sun ci, ladan na nan. Sai ki tashi." Maigida bai ce uffan ba, ya ƙara awowin aikinsa kawai, wanda ya fi faɗa ciwo. Na koma kamfanin da na yi wa sallama da fara'a, na tarar an ba wata ma'aikaciya tsohuwar da nake kula da ita, aka tura ni wani gida mai nisa, jirgin ƙasa biyu da bas.

Na yi rajistar maikuro ina huci, da niyyar in nuna musu. A makon da muka yi rinin Gram, dabarar da aka sani tun 1884, wadda ni kaina na koya wa 'yan sakandare a allo, na bar sinadarin wanke rini ya daɗe a kan gilashin. Ƙwayoyin da ya kamata su fito shunayya suka fito ruwan hoda. Abokiyar aikina, yarinyar da ba ta kai ashirin ba, ta leƙa madubin ta ce a hankali, ko mu sake? Muka sake.

Daga nan na fara fahimtar dokar da na raina. Karatuna na gida ya fi karkata ga ƙasa da ruwa da abinci. Na nan asibiti ya sa gaba. Ban san cewa man goge hannu mai barasa ba ya kashe irin ƙwayar C. diff mai haddasa gudawa ba, sai an wanke da sabulu da ruwa, alhali shekaru ina sauya wa tsofaffi zane. Ban taɓa jin sunan Candida auris ba, naman gwarin da aka fara ganowa a Japan a 2009, wanda hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta yi gargaɗi a kansa a 2016, kuma asibitoci da gidajen jinyar New York na cikin wuraren da ya fara yaɗuwa sosai a Amurka. Yana bijire wa magunguna, yana daɗewa a jikin gado da ƙofa. Babu shi a littafin da na yi jarrabawa da shi. Kwalina bai tsufa ba, abin da ke kaina ne ya tsufa ban sani ba.

Ba na zaton kai mai karatu ka fi ni wayo, ni ma ban fi ka wauta ba. Irin wannan kuskure ba ya kama mutum a inda yake da rauni, don a nan yana taka-tsantsan. A inda ya ƙware yake kama shi. Saboda haka idan takarda ta gindaya maka sharaɗi kana ganin bai shafe ka ba, ɗauka ya shafe ka har sai mai ikon ɗauke shi ya rubuto maka cewa ya ɗauke. Kada ka ajiye aiki, kada a dafa shinkafa, sai komai ya koma kore. Idan kuma ka ji kana ta ɗage wata tambaya mai sauƙi, to wataƙila ka riga ka san amsarta.

Na sake nema a zagaye na gaba, aka sake ɗaukata, shekara guda a baya, da bashi da kunya a kai. Sharaɗin maikuro B ne. B na samu, ba ƙari. Yarinyar nan ta samu A.