Daga Lubbock zuwa Amarillo a motar da ke shan ruwan taki

Duk wanda ya taso a ƙasar noma, idan aka sauke shi a yammacin jihar Teksas ta Amurka ba zai ji baƙunta sosai ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, gonakin auduga iya ganinka, ga iska mai ɗauke da jar ƙura. Taron masana ne ya kai ni Lubbock a ƙarshen kaka. Da aka watse, wani manomi, ɗan'uwan abokin aikina, ya ɗauke ni zuwa Amarillo, tafiyar kusan kilomita 200 ta arewa. Motarsa a-kori-kura ce, sai dai ta kusa ninka irin tamu girma, injinta kuma na gas ne, mai jan tirelar shanu ba ko nishi.

Da muka tsaya a gidan mai, na lura bakin salansar motar fes yake, babu kunkunniyar da muka san motar gas da ita. Ya gama shan mai, sai ya buɗe wani shuɗin murfi ya tuttula wani ruwa garau daga jarka. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce taki ne. Ashe gaskiya ya faɗa. Ruwan da suke kira DEF, kashi 32.5 cikin ɗari na cikinsa yuriya ce, dangin wadda manomanmu ke zuba wa masara, sauran kuwa tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin hayaƙi mai zafi ya zama amoniya, ita kuma ta warware gubar naitirojin oksaid, ta mai da ita iskar naitirojin da tururi.

Kafin hayaƙin ya iso nan, sai ya ratsa wata matata mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda ke kama ƙwayoyin kunkunniya. In ta cika, injin ya ɗaga zafinta zuwa kusan digiri 600 ya ƙone su. Doka ce ta kawo wannan. A 2006 Amurka ta koma ga gas mai farar wuta kashi 15 kacal cikin miliyan, a 2007 matatar ta zama dole, a 2010 aka ƙara tsananta ƙa'ida har kamfanoni suka rungumi ruwan yuriya.

Abokin tafiyata bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce matatar doguwar tafiya take so, zirga-zirgar cikin gona toshe ta take yi. Ruwan yana daskarewa a tsananin hunturu. Idan ya ƙare, ko wata 'yar na'ura ta yi ƙaryar ya ƙare, kwamfutar motar kan rage mata gudu har ta koma rarrafen kilomita 8 a awa, ko da kuwa ana tsakiyar girbi. Shi ya sa, in ji shi, maƙwabtansa da dama suka cire kayan gaba ɗaya, duk da sun san haramun ne a doka. Ba ƙari ya yi ba. A 2020 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa an yi wa motoci irin wannan fiye da 550,000 haka cikin shekara goma. Manyan ma ba su tsira ba, domin a ƙarshen 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan zargin sa manhajar kauce wa gwaji a injinan motocin Ram.

Na tausaya masa, domin kukansa na gaskiya ne, amma ban bi bayan maƙwabtansa ba. Mai mota yana gaba, salansa tana baya, wanda ke shaƙar abin da ya cire wani ne daban. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke haddasa ta.

Na kuma tuna gida, inda tsofaffin motocin Turai da Amurka ke ƙarewa. Gas ɗin da aka daɗe ana sayarwa a yankinmu farar wutarsa ta ninka tasu nesa ba kusa ba, sai a 2020 ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan. Irin wancan man lalata matatar yake yi, bakanike kuwa ba ya wahalar da kansa, fitar da ita yake.

Da almuru muka shiga Amarillo, warin turakun shanu ya tare mu tun daga nesa. A wata danja, wata a-kori-kura da aka ɗaga ƙafafunta ta tsaya kusa da mu. Fitila na ba da hannu, saurayin da ke ciki ya taka ta da gangan, baƙin hayaƙi ya turnuƙe wata mata da ke jiran tsallaka titi da ɗanta. Manomin ya ɗaga gilashinsa, bai ce uffan ba har muka isa masauki.