Agogon Masu Nutso a Garin Masara

A kasuwar hatsi ta Dandume na gan shi, ɗaure a hannun wani dillalin masara: Omega Seamaster, agogon da aka ƙera don nutso a teku, ga shi a garin da teku sai a labari.

Suna ne ya kawo shi nan. A 1932, a Los Angeles, kamfanin Omega ya fara auna lokaci a gasar Olamfik. A 1995 kuma ɗan leƙen asirin fim, James Bond, ya ɗaura Seamaster a GoldenEye. Wasa da fim suka mai da kayan aiki kayan ƙawa.

Ni dai zoben da ya kewaye fuskarsa ne ya tsaya mini a rai. Da shi mai nutso ke ƙirga mintocin da ya yi a ƙarƙashin ruwa. Gefe ɗaya yake juyawa, ta yadda ko ya goce, ƙarin lokaci zai nuna, mutum ya fito da sauran iska.

Haka mahaifina yake lissafin rumbu: in dami hamsin ne, arba'in zai ce. Shekarar da ya rasu, na ƙirga daidai, na ga rara, na sayar. Watan Agusta bai ƙare ba sai ga ni a wannan kasuwa, ina awon dawa da bashi.

Bana na cika rumbu. Da Inna ta tambaya, goma na rage.