Ranar da Baba Ya Yi Tsami

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa tun 1498, wani tsohon marini ya buɗe karofinsa da sassafe, ya tarar kumfar nan mai ƙyalli ta kwanta. Ya ɗiga ruwan a harshe, bai ji kaifin toka ba, sai tsami. Ga shi kuwa turamen wani falke daga Agadas suna jiran rini.

Shi baba ba ya kama zane sai ruwansa na da kaifi, wajen 10 ko 11 a ma'aunin da masana ke kira pH. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyen, su ne kuma ke fid da tsamin da ke cinye kaifin sannu a hankali. Masu kiwon murjani cikin akwatin gilashi a Turai ma haka suke fama, in ruwan gishirinsu ya gaza 8 sai su riƙa ɗiga masa ruwan farar ƙasa.

Yaronsa ya kawo kwaryar toka zai juye duka, tsohon ya riƙe masa hannu, don toka in ta yi yawa ita ma kashe baba take yi. Ya barbaɗa kaɗan, ya motsa, ya rufe. Falke ya kwana uku yana guna-guni kafin kumfa ta taso.