Yadda Kyamara Ta Koyi Rawa

A shekarar 1945 Maya Deren ta fitar da wani ɗan fim marar sauti da bai kai minti biyar ba, mai suna A Study in Choreography for Camera. Mutum ɗaya ne a cikinsa, Talley Beatty, baƙar fata ɗan Amurka, gwanin rawa. Zai ɗaga ƙafa a cikin kurmi, ya sauke ta a tsakar ɗaki. Ya juya, sai ga shi a zauren gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Wuri yana ta sauyawa, motsin jikinsa bai katse ba. Irin wannan aiki ake kira fim ɗin gwaji: fim da ba ya dogara da labari ko hirar 'yan wasa, wanda galibi ake yi da kuɗi kaɗan a wajen manyan kamfanoni, don a gano abin da hoto mai motsi zai iya yi da kansa.

Tun daga wancan zamani masu wannan sana'a suke komawa ga kiɗan jaz da raye-rayen baƙaƙen Amurka, domin a can suka sami wata hanyar sarrafa lokaci. Jaz ya tashi ne a New Orleans, birnin da bayin da aka kwaso daga Afirka suke taruwa ranar Lahadi a dandalin Congo Square su yi kiɗa da rawa. Ya gaji bayarwa da amshi, da ɗora kiɗa a kan kiɗa, da ba wa kowane makaɗi fili ya ƙirƙiri nasa nan take. Duk wanda ya ga mai kalangu yana bin ƙafar mai rawa, mai rawa kuma yana ja masa gora, ya san wannan zance. Matsalar mai fim ita ce kyamara ta saba tsayawa gefe tana kallo, kamar baƙo a gidan biki.

Haka Hollywood ta riƙa ɗaukar rawar baƙaƙe, a matsayin ɗan nishaɗi da ake cusawa a tsakiyar labarin Turawa, har masu tace fina-finai a birane irin su Memphis sukan yanke wurin su yar. Jammin' the Blues, fim ɗin minti goma da mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya yi a 1944, ya bi wata hanya. Yana buɗewa da wasu da'irori da ba a gane ko mene ne ba, sai a hankali a ga ashe saman hular Lester Young ce, mai busa saksofon. Hayaƙin sigari da inuwa da hotunan da aka ninka sun zama kayan kiɗa su ma, Marie Bryant da Archie Savage kuma suna rawa kamar suna mayar wa ganga martani. Duk da haka wariyar launi ta leƙo: Barney Kessel, Bature ɗaya tilo a cikin makaɗan, an ajiye shi a cikin duhu don kada a ga fari da baƙi suna kiɗa tare.

Deren ce ta fi kowa cin karo da iyakar wannan gwaji. Ta taɓa yi wa Katherine Dunham aiki, gwanar rawar da ta yi nazarin raye-rayen tsibiran Karibiyan, kuma a 1947 ta tafi Haiti don ta ɗauki rawar mabiya addinin Vodou, wanda tushensa ke Afirka ta Yamma. A can ana cewa iska ta hau mutum kamar mahayi a kan doki, lafazin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san yaren 'yan bori. Ta ɗauki hotuna na sa'o'i, amma ta kasa yanka su ta harhaɗa yadda ta yi da Beatty, domin ta fahimci cewa kowane taku yana ɗaure da ibadar da ta haife shi, in an raba su sai ma'anar ta zube. Ta rubuta littafi, Divine Horsemen, a 1953, ta rasu a 1961 ba ta haɗa fim ɗin ba. Sai a 1977 mijinta Teiji Ito da matar da ya aura daga baya, Cherel, suka harhaɗa shi.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya ba da tasa amsar a ƙauyen Simiri na ƙasar Zabarmawa a 1971. A fim ɗin Tourou et Bitti ya saɓa kyamara ya shiga fagen da ake kiran iskoki, ya ɗauka a tashi ɗaya ba yanka, yana tafiya da kiɗan gangunan. Amma har a lokacin mai riƙe da kyamarar baƙo ne, masu rawar kuma abin nazari.

Abin ya sauya da jikokin masu rawar suka karɓi kyamarar. A 2012 Kahlil Joseph ya yi Until the Quiet Comes da kiɗan Flying Lotus, wanda Alice Coltrane, shahararriyar makaɗiyar jaz, kakarsa ce ta wajen dangi. An ɗauke shi a Nickerson Gardens, rukunin gidajen talakawa a unguwar Watts ta Los Angeles. Da dare, ga saurayi kwance cikin jini. Sai ya miƙe. Storyboard P, gwanin rawar titi daga Brooklyn, shi ne ya fito a saurayin; yana zamewa a kan ƙasa kamar ana mayar da faifai baya, gaɓoɓinsa suna lanƙwashewa kamar ba ƙashi, ya ratsa mutanen unguwa da suka yi tsaye cik, ya shige mota. Dabarun da mai fim yake yi da almakashi, rage gudu da komawa baya, ɗan rawar ya riga ya haɗiye su a jikinsa, kyamara ba ta da aiki sai ta bi shi a natse. Fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin Sundance na 2013.

Arthur Jafa, wanda ya daɗe yana neman fim ɗin baƙaƙe mai ƙarfi irin na kiɗansu, ya saka wannan ɗan rawa a Love Is the Message, The Message Is Death na 2016, kusa da hotunan 'yan sanda suna dukan baƙaƙe. Jenn Nkiru, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Landan, ta bi sahu da Rebirth Is Necessary a 2017. A hannunsu tambayar da ta tsayar da Deren ta koma ta gida: jikin da duniya ta saba gani a labarai yana faɗuwa, wa ke da ikon nuna shi yana tashi, kuma da wane kiɗa.